Tarihin Birkin ABS, da Abin da Ke Biyo Bayan Cire Shi daga Tsohuwar Mota

A gaban direba a motoci da yawa da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai haruffa uku, ABS. Ƙa'idarta ita ce ta kama idan an murza makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, alamar na'urar ta binciki kanta ta samu komai lafiya. Idan mota ta kwana biyu a duniya, wata rana fitilar takan kama ta ƙi mutuwa. Daga nan mai mota ke shiga tsaka mai wuya, domin sabon akwatin na'urar kan yi tsadar da ba ta dace da darajar tsohuwar mota ba, wani lokaci ma an daina ƙera shi. Shawarar da ya fi samu a gareji ita ce a cire abin ɗungurungum, a haɗa bututun man birki kai tsaye, tunda dai motoci sun shekara aru-aru suna tsayawa ba tare da shi ba.

A wasu motocin wannan shawara tana da madafa. A wasu kuwa ganganci ce da rai. Abin da ya raba biyun shi ne zamanin da aka ƙera motar, domin ABS ya soma ne a matsayin ƙari da ake liƙa wa birki, ya ƙare a matsayin ginshiƙin da birkin ya jingina a kai. Wanda ya san yadda aka yi wannan sauyi ya san rabin amsar tambayar.

Tayar da ta cije

Taya tana riƙe hanya da kyau ne muddin tana juyawa. Idan direba ya taka birki da ƙarfin da ya wuce abin da hanya za ta ɗauka, tayar takan cije, ta daina juyawa, ta koma jan ƙasa. A kan kwalta, musamman jiƙaƙƙiya, tayar da ke jan ƙasa ba ta kai mai juyawa riƙo ba, sannan ba ta jin umarnin sitiyari. Idan tayoyin gaba ne suka cije, motar za ta miƙe inda ta dosa ko da direba ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa. Idan na baya ne suka riga cijewa, lamarin ya fi muni, domin bayan motar zai nemi ya wuce gabanta, ta yi juyin waina a tsakiyar titi.

Tsofaffin direbobi sun san maganin wannan, wato taka birki a saki, a sake takawa a saki, da sauri. Sai dai ƙafar ɗan'adam ba ta iya yin haka fiye da 'yan lokuta a daƙiƙa, kuma feda ɗaya ce ke sarrafa tayoyi huɗu. Ga kuma firgici, wanda ke sa mutum ya danne feda ya manta da duk abin da aka koya masa. Aikin ABS shi ne yin wannan taka-saki a madadin direba, a kowace taya daban, har kusan sau goma sha biyar a daƙiƙa ɗaya.

Daga filin jirgin sama

Matuƙa jiragen sama ne suka fara jin jiki. Jirgin da ya sauka da gudu a kan jiƙaƙƙen fili, idan tayarsa ta cije, cikin ƙiftawar ido robar za ta cinye ta fashe, kuma matuƙi ba ya jin abin da taya ke ciki kamar yadda direban mota ke ji. Tun shekarun 1920 Bafaranshen nan mai ƙera jirage da motoci, Gabriel Voisin, ya yi gwaje-gwajen na'urar rage matsin birki a jirage. A 1936 kamfanin Bosch na Jamus ya yi rajistar wata dabara ta hana tayoyin mota cijewa, amma ta tsaya a takarda, domin kayan aikin zamanin ba su da saurin da ake bukata.

Na'urar farko da ta yi aiki sosai ita ce Maxaret, wadda kamfanin Dunlop na Ingila ya fitar a farkon shekarun 1950, aka sa wa jirage irin su Vickers Viscount da Avro Vulcan. Babu lantarki a cikinta ko kaɗan. Wani faifai ne mai nauyi ke juyawa tare da taya. Idan tayar ta rage gudu farat ɗaya, nauyin faifan kan sa ya ci gaba da juyawa ya wuce ta, wannan bambancin kuma ya buɗe wani bawul da ke sakin man birki har tayar ta koma juyawa. A 1958 cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya ta gwada ta a kan babur ƙirar Royal Enfield, a 1966 kuma ta shiga mota, wato Jensen FF. Sai dai Jensen motar attajirai ce, guda 320 kacal aka ƙera kafin a daina a 1971, kuma na'urar da aka tsara domin miƙaƙƙen filin jirgi ta yi wa titin mota jinkiri.

Kamfanonin Amurka sun gwada nasu da lantarki. Ford ya fito da Sure-Track a ƙarshen shekarun 1960, mai kula da tayoyin baya kawai. Chrysler, tare da kamfanin Bendix, ya sa wa motarsa Imperial ta 1971 na'urar Sure Brake mai kula da dukkan tayoyi huɗu. Masu saye ba su yi rububinsu ba, daga baya aka janye su daga kasuwa.

Karon farko da aka cire shi

Tarihin cire ABS ya kusa kai tarihin ABS ɗin kansa tsufa. A 1975 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta fara aiki da ƙa'ida mai lamba 121, wadda ta wajabta wa manyan motoci masu birkin iska su tsaya cikin tazarar da aka ƙayyade ba tare da tayoyinsu sun cije ba. Babu yadda za a cika wannan sharaɗi sai da na'urar hana cijewa, alhali fasahar ba ta nuna ba tukuna. Direbobin tirela da na bas suka yi ta ƙorafin cewa na'urar tana sakin birki a lokacin da ake tsananin bukatarsa, wayoyinta suna lalacewa da ruwa da girgiza, har igiyoyin rediyo suna rikita ta. Da yawa suka riƙa cire mata waya.

Kamfanin ƙera manyan motoci na Paccar da wasu suka kai hukumar ƙara. A 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke wannan ɓangare na ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukuma ba ta nuna na'urar abin dogaro ba ce, kuma tana iya sa motar ta fi wadda ba ta da ita haɗari. Sai a 1997 aka sake wajabta ABS a kan sababbin kawunan tirela a Amurka, kusan shekara ashirin bayan hukuncin. Darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne, duk na'urar da za ta sa hannu a birki dole ne, idan ta lalace, ta janye jikinta ta bar birkin yana aiki yadda aka saba.

Shekarar 1978 a Jamus

A shekarar da kotun Amurka ta yi watsi da na'urar, Jamusawa suka fito da wadda ta zauna da gindinta. Wani kamfani mai suna Teldix a birnin Heidelberg ya fara aikin tun 1964, ya haɗa gwiwa da Daimler-Benz, suka nuna samfurin farko a 1970. Samfurin yana aiki, amma ƙwaƙwalwarsa ta ƙunshi ƙananan kayan lantarki kusan 1,000, kowannensu kuwa wuri ne da matsala za ta iya ɓullowa. Bosch ya sayi hannun jari a Teldix, ya karɓi aikin, ya rage kayan zuwa 140 ta hanyar amfani da lantarkin dijital. A watan Agustan 1978 aka nuna sakamakon a filin gwaji na Untertürkheim da ke Stuttgart, kafin ƙarshen shekarar kuma mai sayen Mercedes-Benz S-Class yana iya biyan ƙarin kuɗi sama da maki 2,200 a sa masa. Sunan ABS ma daga Jamusanci ya fito, gajarcewar Antiblockiersystem.

Tsarin da suka kafa shi ne ake bi har yau. A kowace taya akwai zobe mai haƙora da wata 'yar na'ura mai ƙirga haƙoran yayin da suke wucewa. Ƙwaƙwalwar tana kwatanta gudun tayoyin, idan ta ga ɗaya na shirin cijewa sai ta umarci bawul ya tsayar da ƙarin matsi, ko ya rage shi, sannan famfo ya mayar da man. Wannan kai-komo na mai shi ne karkarwar da direba ke ji a ƙafarsa.

Daga nan abin ya bazu. Ford Scorpio ta 1985 ta zo da shi a kowace mota ba tare da ƙarin kuɗi ba. BMW ya sa wa babur ɗinsa K100 a 1988. Mercedes-Benz ya mayar da shi wajibi a dukkan ƙananan motocinsa a 1992, daga tsakiyar 2004 kuma kamfanonin da ke sayar da motoci a Tarayyar Turai suka yi alkawarin sa shi a kowace sabuwar ƙaramar mota.

Gida biyu

A shekarun 1980 ABS ya rabu gida biyu, kuma wannan rabuwa ita ce ta fi shafar mai tsohuwar mota. Gida na farko shi ne wanda ake ƙarawa a kan birki na yau da kullum. Motar tana da tukunyar man birki da babban famfon feda da tulun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da zuƙar injin, duk yadda aka sani, sai a dasa akwatin ABS a tsakiyar bututun. Idan akwatin ya mutu, bawulolinsa suna zama a buɗe, mai ya ratsa ya wuce, birki ya ci gaba da aiki kamar na motar da ba ta taɓa samun ABS ba.

Gida na biyu shi ne haɗaɗɗe, wanda fitaccen misalinsa shi ne Teves Mark II, da aka sa wa Scorpio da Saab 9000 da wasu motocin Jaguar da Volkswagen da Buick. A nan an yar da tulun zuƙar injin gaba ɗaya. A madadinsa akwai famfon lantarki da ke tara mai cikin wani ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai iskar naitirojin, wannan ajiyayyen matsi kuma shi ke taimaka wa ƙafar direba, shi ne kuma ke kama birkin baya. Tsari ne mai wayo a lokacin da yake sabo. Amma iskar cikin ƙwallon tana zurarewa da shekaru, famfon ya riƙa aiki ba hutu har ya ƙone. Ranar da ya mutu, feda takan yi tauri kamar dutse, birkin baya ya tafi, a bar direba da na gaba kawai, shi ma ba mataimaki. Irin wannan matsala ta sa Chrysler ya janye dubban ɗaruruwan motoci masu na'urar Bendix 10 a 1996.

Masu irin waɗannan motoci su ne suka mayar da cire ABS sana'a mai ƙa'ida. Ba sa yanke bututu su toshe. Sukan nemo cikakken birkin wata mota iri ɗaya da aka ƙera ba tare da ABS ba, wato babban famfon feda da tulun zuƙa da bututu da bawul ɗin da ke rage matsin da ke zuwa tayoyin baya, su dasa shi yadda kamfani ya tsara. Abin da suke yi a haƙiƙa shi ne mayar da motar kan wani tsari da injiniyoyi suka riga suka gwada.

Me alƙaluma suka nuna?

Masu goyon bayan cirewa suna da hujjar da ba ta rasa tushe. A shekarun 1980 an yi wani gwaji a birnin Munich da motocin tasi, wasu da ABS wasu babu, aka tarar masu ABS ba su fi sauran ƙarancin haɗari ba, domin direbobinsu sun ƙara gudu da matse na gaba. A 1996 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa motoci masu ABS sun fi shiga haɗarin da mota ke sauka daga titi ita kaɗai har a rasa rai. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne direbobi ba su saba da karkarwar feda ba, sai su ɗage ƙafa a lokacin da ya kamata su danne. Wani nazari na NHTSA a 2009 ya kammala da cewa tasirin ABS a kan haɗurran da ake mutuwa ya kusa zama babu, amma ya rage haɗurran da ba a mutuwa da kashi 6 cikin ɗari a ƙananan motoci, da kashi 8 a ƙananan motocin ɗaukar kaya da jif-jif.

Akwai kuma batun ƙasa. A kan tsakuwa ko yashi, tayar da ta cije takan tara tudun ƙasa a gabanta, tudun ya taimaka wajen tsayar da mota. ABS ba ya barin tudun ya taru, saboda haka tazarar tsayawa takan ƙaru, musamman a na'urorin farko. Direban da ke bin hanyar burji, wanda ya ce birkinsa yana saki a kan tsakuwa, gaskiya ya faɗa. Abin da yake samu a madadin tazarar shi ne sitiyarin da ke jin magana.

Ranar da ya zama ginshiƙi

Da lamarin ya tsaya nan, da cire ABS bai wuce zaɓi tsakanin riba da hasara masu kusan nauyi ɗaya ba. Amma a shekarun 1990 injiniyoyi suka lura cewa akwatin da ke iya sarrafa matsin kowace taya yana iya yin wasu ayyukan. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka ɗora masa shi ne rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Idan mota ta taka birki, nauyinta yana komawa gaba, tayoyin baya su yi sakayau, don haka dole a rage musu matsi. A da wani bawul na ƙarfe ke wannan aiki. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni da yawa suka cire bawul ɗin, suka bar wa ƙwaƙwalwar ABS aikin.

Na biyu shi ne na'urar daidaita mota, ESP, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fitar a 1995. Tana lura da inda direba ya nufa da sitiyari da inda motar ta nufa a zahiri, idan suka saɓa sai ta kama birkin taya guda ta dawo da motar kan hanya. A watan Oktoban 1997 wata sabuwar Mercedes A-Class ta kife a hannun ɗan jaridar wata mujallar motoci ta Suwidin yayin gwajin kauce wa dabba a titi. Kamfanin ya dakatar da sayar da motar, ya gyara ta, ya sa mata ESP, sauran kamfanoni suka bi sahu. A nan alƙaluman ba su da ruɗani: NHTSA ta ƙiyasta cewa na'urar tana rage haɗarin mota ita kaɗai da kashi 34 cikin ɗari a ƙananan motoci, da kashi 59 a jif-jif. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. ESP ba ta da famfo ko bawul nata na kanta, da na ABS take aiki.

Saboda haka wanda ya cire akwatin daga motar wannan zamani ya haɗa bututu kai tsaye ya yi gyaran gangar Auzinawa. Tayoyin baya za su riƙa samun matsi ba mai rage musu. A tuƙin yau da kullum ba za a ga bambanci ba, feda ma tana iya yin daɗin takawa. Sai ranar da aka taka birkin gaggawa a kan jiƙaƙƙen titi, baya ya riga gaba cijewa, motar ta juya. Ban da haka, a motoci da yawa agogon gudu da giyar otomatik suna karɓar labarin gudun mota ne daga wannan akwati.

Dokar duba lafiyar motoci ta Birtaniya ta bi wannan bambanci na zamani. Fitilar ABS da ke kunne tana kayar da mota a gwajin shekara-shekara. An yarda a cire na'urar daga tsohuwar mota muddin an cire ta gaba ɗaya, amma ba a yarda a cire ta daga motar da aka fara hawa daga 1 ga Janairun 2010 ba.

Inda tsofaffin motoci ke ƙarewa

Motocin da Turai da Amurka suka gama yayi da su suna ƙarasa rayuwarsu ne a wurare irin Afirka ta Yamma, ta tashoshin Kwatano da Lome da Legas. Da yawa sun fito daga yankunan da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, sun iso da tsatsa a zoben taya da wayoyi. A nan kuma suka tarar da ƙura da ramuka da man birkin da ba a canzawa sai ya ƙare, ga kanikawan da iyayen gidansu suka koyi aiki a kan Peugeot 504 ta Kaduna, motar da birkinta ba shi da waya ko ɗaya. Ba abin mamaki ba ne cirewa ta zama amsar farko.

Amma mafi yawan abin da ke kunna fitilar ba mutuwar akwati ba ne. Sau da yawa waya ce ta tsinke a bayan taya, ko datti ya rufe na'urar ƙirga haƙora, ko zoben ya tsage, ko boris ɗin taya ya saki, ko batir ya yi sanyi. Na'urar binciken kwamfuta tana nuna tayar da ke da matsalar cikin mintuna. Ko akwatin ne ya samu matsala, sau tari dalmar da ke riƙe wayoyin cikinsa ce ta tsage, ana kuma iya gyara ta ko a samo na gwanjo mai lamba iri ɗaya. Man birki yana shan danshi daga iska, danshin ya ci bawuloli daga ciki, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Barin lalataccen akwati ma yana da nasa haɗarin: a Satumban 2023 Hyundai da Kia sun janye motoci sama da miliyan 3 a Amurka saboda akwatin ABS na iya haddasa gobara ko mota na ajiye.

Kafin mai mota ya amince a taɓa masa bututun birki, akwai abin da ya kamata ya tambayi bakanike. Wace matsala kwamfuta ta nuna? An taɓa ƙera irin wannan mota ba tare da ABS ba, kuma za a samu cikakken birkinta? Idan an cire akwatin, me zai rage matsin tayoyin baya? Bakaniken da ba shi da amsar tambaya ta ƙarshe bai kamata ya ɗora sifana a kan motar ba. Idan kuma fitilar birki ja ta kama tare da ta ABS, a motoci da yawa alama ce cewa rabon ƙarfin ya riga ya tsaya, motar kuma ba ta hawa ba ce sai an gyara.

Mafi munin abin da ake yi shi ne cire ƙwan fitilar ko rufe ta da baƙin salatif kafin a kai mota kasuwa. Wanda ya saya zai hau da iyalinsa yana zaton akwai na'urar da za ta kama masa mota ranar da ruwa ya sauka a kan kwalta, alhali an daɗe da raba motar da ita.